Huɗu da Ɗigo Saba'in da Ɗaya

Litinin, 18 ga Maris, ƙarfe shida da rabi na safe

Likitan nan na Jackson ya ce in sayi littafi in riƙa rubutu da hannu kullum. Wai ba karantawa zai yi ba, girman baƙaƙen kawai yake son gani. Na ce masa shekara talatin da ɗaya ke nan ina rubuta rahoto a kan 'ya'yan mutane, ban taɓa rubuta layi ɗaya a kaina ba. Matata Vernita ta ce tunda ya zama dole, to in rubuta godiya, kada in cika littafi da mita kamar yadda nake cika mata kunne.

To, na gode wa Allah da ya tashe ni. Na gode da kofi. Na gode da tsohuwar motar nan da ba ta taɓa ba ni kunya a hanya ba.

Gobe zan je Bellfield, ranar gwajin 'yan wasansu na ƙwallon ƙafar Amurka, irin wadda ake rungumewa a gudu da ita. Ƙaramar kwaleji ce a tsakiyar gonakin auduga, ba kowa ke ƙona mansa ya je ba. Amma suna da mai gudu da ƙwallo, Tavarus Greenlee, wanda tun watan Satumba nake bin sa. Ƙungiyarmu na biyana ne don in gaya musu wane ɗan kwaleji zai iya wasan manya, wane ne kuma zai ci mana gurbi a banza. Wannan yaron idona ya ce zai iya. Saura agogo ya sa hannu.

Talata, 19 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Ruwa tun asuba kamar da bakin ƙwarya. Ƙungiyoyi talatin da biyu ake da su, ni kaɗai na je. Koci Pinkston ya mayar da gwajin cikin zauren motsa jiki, na auna yadi arba'in da tef ɗina kamar kullum, na taka daɓen na ji a bushe yake.

Tavarus: ƙafa biyar da inci goma, laba ɗari biyu da goma sha biyu. Cinya kamar turmi. Ya kama duk ƙwallon da aka jefa masa, da tafin hannu, ba da ƙirji ba. Sai aka zo gudun.

Na farko daƙiƙa 4.73. Na biyu 4.71.

Koci Pinkston ya duba nasa agogon ya ce, "Ozell, me ka samu?" Na nuna masa. Ya ce, "Haba dai! Ni 4.48 na gani. Ko shayi ka tsaya sha a hanya?" Na ce, "Koci, agogon koci ai uwa ce, ba ta ganin laifin ɗanta." Aka yi dariya, har da shi, don ya san gaskiya ce. Ba a taɓa yin kocin da agogonsa bai yi wa ɗan wasansa kara ba, shi ya sa babu mai rubuta lambarsu.

Yaron ya zo yana haki ya ce, "Yallaɓai, nawa?" Na gaya masa. Ya kalli takalminsa. Can ya miƙo hannu ya ce, "Na gode da ka zo, Mista Ozell. Kai kaɗai ka zo."

Mai gudu da ƙwallo in ya yi ƙasa da 4.55 ana zama a yi magana da shi. In ya haura 4.65 sai dai a yi masa fatan alheri. Ƙiftawar ido ce tsakani, amma a cikinta ake gina wa uwa gida ko a rasa.

Wani abu ya ɗan faru a layin ƙarshe. Sanyi ake yi, hannun kowa ma a sandare yake.

Na gode da na iso gida lafiya.

Laraba, 20 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Na tura rahoto hedikwata. Na rubuta 4.71, daɓe busasshe, ni na auna.

Waya ba ta huta ba yau. Abokan sana'a tara, daga ƙungiyoyi tara, kowa da salonsa na roƙo. "Oz, ruwa ne ya tare ni, me yaron Bellfield ya yi?" Haka muke yi tun da can, wanda ya je ya ba wanda bai je ba, gobe a rama maka. Wani ya ce, "In agogon Ozell ya faɗa, ai magana ta ƙare." Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na gina sunan nan ne da yatsa ɗaya, manuni ba babban yatsa ba, shekara talatin da ɗaya ba a taɓa kama ni da kuskuren da ya wuce ɗigo sifili biyu ba.

Na gode da suna mai kyau.

Alhamis, 21 ga Maris, ƙarfe bakwai na safe

Kofi ya zube mini a wando. Na gode da ya riga ya huce.

Lahadi, 24 ga Maris, ƙarfe uku na rana

Vernita ce ta ɓalla mini maɓallin hannun riga da za mu coci. Maɓallan zamani ƙanana suke yi.

Bayan cin abinci na zauna na sake kallon wasannin Tavarus, guda shida. Ban san abin da nake nema ba. Rahoto ya riga ya tafi.

Yaron yana da haƙuri, abin da ba a koyarwa. Yana tafiya a bayan masu share masa hanya kamar mai jiran a buɗe ƙofar banki, kafa na buɗewa sai ka neme shi ka rasa. In an kayar da shi, gaba yake faɗuwa, yadi biyu kyauta kowane lokaci. A shekarunsa na kwaleji sau ɗari huɗu da wani abu aka danƙa masa ƙwallo, sau ɗaya ta kuɓuce. Laifinsa a fili yake: in aka ce ya tsaya ya kare mai jifan ƙwallo, sai ya sunkuyar da kai ya rufe ido, a wasan manya kuwa wannan zai sa a karya mana mai jifa kafin Kirsimeti. Amma ana gyara wannan.

Abin da ya hana ni tashi daga kujera shi ne, a wasa shida ban ga wanda ya taɓa kamo shi ta baya ba. Ko ɗaya. Mai 4.71 ana kamo shi ta baya.

Na gode da kifin tarwaɗa da burodin masara. Na gode da ido.

Talata, 26 ga Maris, ƙarfe sha ɗaya na safe

Lindqvist ya kira. Shi ne shugaban masu duba 'yan wasa, ranar da na fara aiki yana aji biyu na firamare, amma yaron kirki ne, ba ya kirana sai ya tambayi Vernita.

Ya ce, "Oz, na karanta rahotonka. Shafi uku kana yabo kamar za ka ba shi 'yarka, sai na zo ƙasa na ga 4.71. Me zan yi da wannan?"

Na ce, "Ka kalli bidiyon. Babu mai kamo shi."

Ya ce, "Su wa ke bin sa? Waɗanda baɗi za su zama malaman makaranta da dillalan inshora. Ni ma ba za su kamo ni ba." Ya yi dariya, sannan ya ce, "Da lambar wani ce sai in ce a sake. Amma taka ce. Na sauke katinsa ƙasan layi."

A bangon ɗakin taro akwai jan layi. Wanda katinsa ke sama ana iya kiran sunansa ranar da ƙungiyoyi ke zaɓen sababbin 'yan wasa. Wanda ke ƙasa babu mai sake ɗaga kai ya karanta shi.

Na ce to.

Na gode da aiki.

Laraba, 27 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Na gode. Yau dai iyakar abin da zan iya rubutawa ke nan.

Juma'a, 29 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Matar nan. Shekara talatin da takwas muna tare, har yau ban san ta inda za ta ɓullo mini ba.

Ina zaune a kicin ta ɗauko agogon gudu daga jakata ta ajiye gabana. Ta ce, "Ɗauka." Na ce, "Mene ne kuma, Nita?" Ta ce, "Zan sa na'urar ɗumama abinci daƙiƙa biyar. Ina dannawa ka danna, tana kaiwa sifili ka tsayar. Miƙa hannun yadda kake yi a fili."

Na ce, "Ni za ki yi wa jarrabawa a kicin ɗina?"

Ta ce, "Ozell Tillery, kwana goma kana kallon yaro ɗaya a talabijin kana magana kai kaɗai. Ɗauki agogon."

Na ɗauka. 5.24. Na ce ban shirya ba. 5.19. Na ce na'urar ce tsohuwa. 5.27. Ta karɓa, ita da ba ta taɓa riƙe shi ba, da babban yatsa ma, ta samu 5.04.

Farawa ba matsala. Amma in hannu ya yi daƙiƙa huɗu a miƙe, sai in ce wa yatsan "yanzu", shi kuma sai ya yi shawara tukuna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na sani tun a Bellfield. Na sani a gudun farko, na sani a na biyu, sannan na juya na yi wa Koci Pinkston ba'a.

Ta zauna ta dafa hannun. Ta ce, "Me zai faru da yaron?" Na ce ba za a zaɓe shi ba. Ta ce, "In ka faɗa fa?" Na ce sai su karɓe agogo, su karɓe makullin mota. Mai duba 'yan wasa da ba ya iya riƙe agogo, me sunansa?

Ta ce, "Sunansa mijina." Ta tashi ta ci gaba da yanka albasa.

Na gode da ita. Na kuma ji haushinta ƙwarai.

Lahadi, 31 ga Maris, ƙarfe ɗaya na rana

Ista. Coci ya cika, yara da fararen kaya. Na riƙe littafin waƙa da hagu. Na gode da tashin Ubangiji. Ban ji huɗubar ba.

Talata, 2 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe

Koci Pinkston ya kira, ba don faɗa ba, da ma faɗan ya yi.

Ya ce wakilin da ke nema wa Tavarus ƙungiya ya daina ɗaga wayarsa. Ya ce yaron ya kwashe kayansa daga kwaleji ya koma gidan kakarsa, ya kama aiki a masana'antar sarrafa kifi, yana tsaye awa tara a kan kankare da takalmin roba. Ya ce, "Na ce masa ya zo mu sake gudun in ɗauka a waya in tura wa mutane. Ka san abin da ya ce mini? Wai, 'Koci, ka daina lallashina. Shekara huɗu kana ce mini ina da gudu. Agogon Mista Ozell ba ya ƙarya.'"

Na yi shiru. Ya ce, "Kana ji na, Ozell?" Na ce ina ji, layin ne ba kyau.

Ya ce, "Ni dai na san abin da na gani. Amma wa zai saurari uwa?"

Ban samu abin godiya ba, sai na duba taga. Furannin Vernita sun buɗe. Na gode da su.

Alhamis, 4 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Na yi dabara, dabara ta ci ni. Na tura wa Lindqvist saƙo cewa ina ganin daɓen ranar da danshi, ya kamata a tura wani ya sake auna yaron. Minti goma bai yi ba ya amso: "Oz, a rahotonka ka rubuta busasshe, ka ja layi biyu a ƙarƙashi. Saura mako uku, ba ni da mutumin turawa gonar auduga saboda 4.71. Lafiya dai?"

Na amsa, "Lafiya lau."

Ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa ma ko gwiwa bai kai ba.

Asabar, 6 ga Afrilu, ƙarfe takwas na safe

Na lissafa. In na yi shiru zan iya ƙara shekara ɗaya, ƙila biyu. Manyan kwalejoji duk da na'ura suke aunawa yanzu, sai in riƙa kwafa, babu mai sani. Yaro ɗaya ne. Kowace shekara ɗaruruwa ke komawa gida, wasunsu sun fi shi. Ƙila ma da an ɗauke shi a sallame shi kafin Satumba.

Duk abin da na rubuta a sama gaskiya ne. Na karanta sau biyu, har yanzu yana wari.

Gobe zan tashi zuwa hedikwata, taron ƙarshe kafin zaɓe. Vernita ta shirya mini jaka, duk rigunan da ta sa marasa maɓallin hannu ne. Na gode.

Litinin, 8 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Mu ashirin da biyu a ɗaki. Masu jifa muka yi yau. Na zauna a kan hannuna tun safe. Wani cikin matasan ya ce, "Mista Ozell, sanyi kake ji? In rage na'urar?" Na ce ya bari, jinin Mississippi ne.

Jibi masu gudu da ƙwallo.

Talata, 9 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na safe

Na shiga ɗakin kafin kowa. Katin Tavarus na can ƙasa, kusa da soket. Sun ma rubuta sunan ba daidai ba, Greenley. Na gode da kofin da ke da murfi.

Laraba, 10 ga Afrilu, ƙarfe biyar da rabi na yamma

An gama masu gudu da ƙwallo na saman layi wajen ƙarfe uku. Lindqvist ya ce, kamar yadda al'ada take, "Akwai mai wani a ƙasa da yake son a ɗaga?" Yana tattara takardu yake faɗa, don ba a cika amsawa ba.

Na miƙe. Na je na ciro katin, na ce, "Wannan." Wani ya ce, "Oz, ai kai ka kashe shi da kanka." Na ce, "Ni ne." Sai na ɗora hannun dama a kan tebur, na bar shi ya yi abin da yake yi. Wata bakwai ina ɓoye shi, yau na bar shi a fili gaban mutum ashirin da ɗaya. Biron da ke kusa da shi ya soma rawa.

Na ce, "Lambar nan ba ta yaron ba ce, tawa ce. Na san haka tun ranar. Ku cire ta. Ku kuma sake duba duk wanda na auna da hannu tun Janairu, su goma sha huɗu ne, ga sunayensu."

Lindqvist ya ce kowa ya je ya sha iska. Da muka rage mu biyu ya cire tabarau ya murza ido ya ce, "Me ya sa ba ka gaya mini ba, tsoho?" Bai taɓa ce mini tsoho ba. Na ce tsoro. Ya ce, "Ka san ba zan iya barinka ka ci gaba da yawon duba 'yan wasa ba bayan zaɓe." Na ce na sani. Ya ce, "Kuma ka san allonmu ya riga ya zauna. Zan tura mutum da na'ura ya sake auna shi ranar Talata. Fiye da haka ban yi maka alkawari ba."

Na ce ya isa. Da zan fita ya ce, "Oz. Gyara masa sunan kafin ka mayar."

Na kira Vernita daga filin ajiye motoci. Ta ce, "To, dawo gida." Na yi kuka a cikin motar haya kamar ƙaramin yaro. Abin mamaki, yunwa na ji bayan nan, na ci nama faranti guda.

Na gode da Lindqvist. Na gode, na gode.

Juma'a, 12 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Na kira su tara ɗin ɗaya bayan ɗaya. Magana ɗaya sau tara, ba ta yi sauƙi ba ko a na taran. Uku sun ce za su zo Talata. Huɗu sun ce Allah ya ba ni lafiya, amma allonsu ya rufe. Ɗaya ya ce, "Yanzu kake gaya mini, bayan na kai wa maigidana da sunana?" ya kashe waya, kuma yana da gaskiya. Na ƙarshen, wanda muka fara aiki tare a shekara ɗaya, bai ce komai a kan yaron ba, sai ya ce, "Ka tuna masaukin nan na Monroe da ɓera ya ci maka rahoto?" Muka yi ta dariya har na manta abin da na kira faɗa.

Saura ɗaya, kuma ba a waya ba.

Lahadi, 14 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Bayan coci na tuƙa zuwa gidan kakarsa, Mis Odessa. Ta ba ni shayi mai ƙanƙara a baranda, na ce mata na gode amma ba zan iya riƙewa ba, ta duba hannun ta ajiye kofin a ƙasa ba tambaya. Tavarus ya fito da gajeren wando, yatsunsa duk yankan wuƙa.

Na gaya masa duka, ban rage ba. Har da cewa na sani tun ranar.

Sannan ya ce, "Kwana nawa ke nan?" Na ce ashirin da shida. Ya ce, "Kwana ashirin da shida." Ya tashi ya je bakin baranda ya dawo. "Mista Ozell, ka san abin da na yi? Na ce wa Koci maƙaryaci. Mutumin da ya ciyar da ni shekara huɗu. Na ba ƙanin abokina takalman guduna. Tun ina ɗan shekara tara na san abu ɗaya a kaina, ina da gudu. Ka zo da agogonka ka ce ba ni da shi, na yarda da kai na ƙaryata ƙafafuna."

Na ce, "Ɗana, ba ni da abin cewa."

Ya ce, "Kada ka ce mini ɗana."

Mis Odessa ta ce, "Tavarus, a gidana ba a ɗaga wa babba murya." Ya ce, "Ban ɗaga ba, Kaka." Kuma bai ɗaga ba, da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Na ce Talata ƙarfe goma, ƙungiyoyi huɗu, da na'ura. Ya ce, "Mako uku ban yi atisaye ba. Ina tsaye kan kankare." Na ce na sani. Ya shige ciki.

Mis Odessa ta raka ni mota. Ta ce, "Zai je. Ni zan kai shi ko da a bayana ne. Kai kuma ka je ka sha maganinka."

Na gode da tsofaffin mata. Su ke riƙe da jihar nan.

Talata, 16 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Ya zo, da takalman aro. Na tsaya can gefe, hannu a aljihu, karo na farko a rayuwata ina kallon yadi arba'in ba agogo. Ashe gudu kyau gare shi. Ban taɓa gani ba, kullum ƙirji da layi nake kallo.

Na'ura ta ce 4.52. Na biyu 4.50. Bayan mako uku a kan kankare.

Koci Pinkston ya zo ya tsaya kusa da ni yana kallon gaba. Ya ce, "Uwa dai ta yi gaskiya." Na ce, "Ta yi, Koci. Ka yafe mini." Ya ce, "Ka saya mini haƙarƙari gasasshe, sai in duba."

Tavarus ya gaisa da kowa, ya wuce ni. Na gode da 4.50.

Litinin, 22 ga Afrilu, ƙarfe tara na safe

Jackson. Likita ya buɗe littafin ya duba shafin farko da na ƙarshe, ya rufe. Ya ce bai karanta ba. Ya ƙara ƙwaya ɗaya.

Alhamis, 25 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Yau ake fara zaɓe. Lindqvist ya ce in zo in zauna a ɗakin kamar kullum, na ce a'a. Vernita ta ce in zan yi kwana uku ina zagaye falo, to in ɗauki tsintsiya.

Asabar, 27 ga Afrilu, ƙarfe takwas na yamma

Zagaye na huɗu zuwa na bakwai yau, na bakwan ne na ƙarshe. Na zauna tun sha ɗaya. An kira masu gudu da ƙwallo da yawa, biyar daga cikinsu na rantse Tavarus ya fi su. A zagaye na shida ƙungiyarmu ta ɗauki mai tsaron baya. A na bakwai ta ɗauki mai bugun ƙwallo. Aka kira suna na ƙarshe wajen ƙarfe shida, ba nasa ba.

Da lambar gaskiya ta fita ranar 19 ga Maris, da an gayyace shi an duba shi, da ya tafi a na biyar ko na shida. Wannan ba zato ba ne, aikina ne, na sani. Ni na ci masa wannan, kuma babu ranar da zan biya.

Na kashe talabijin. Bakwai saura kwata waya ta yi ƙara, lambar da ban sani ba. Hannun ya ƙi, Vernita ta ɗauka ta kara mini a kunne.

"Mista Ozell, Tavarus ne."

Na ce ina ji.

Ya ce ƙungiyoyi biyu sun kira shi bayan an rufe zaɓe, cikin waɗanda suka zo Talata. Ya zaɓi ɗaya, za su ba shi riga ya shiga sansanin atisaye, mutum casa'in za a tace a bar hamsin da uku. Na ce na gode wa Allah, na faɗa ya fi sau uku.

Ya ce, "Ba kira na yi in ce na yafe ba. Ban kai can ba tukuna."

Na ce ban nema ba.

Ya ce, "Kowa a gidan nan yana ce mini zan iya. Kaka, Koci, fasto. Duk sona suke yi. Kai kuwa ka riga ka yi mini mafi muni, ba ka da dalilin lallashina. Ka kalle ni fiye da kowa. Zan iya, ko in riƙe aikin kifin?"

Na ce, "Ka ajiye aikin kifin. Za ka iya. Amma akwai abu huɗu da in ba ka gyara ba za su sallame ka a mako na biyu."

Na ji ana jan kujera, na ji Mis Odessa tana cewa a rage rediyo. Ya ce, "Dakata, yallaɓai, in ɗauko biro."

Minti arba'in muka yi. Vernita ta sauya hannu sau uku, ba ta sauke wayar ba.